Kuskuren da Aka Gada Tare: Hujjojin Juyin Halitta a Ƙashi da Jini

A shekarar 1650 wani babban limamin coci a ƙasar Ayalan, James Ussher, ya bi lissafin shekarun annabawa da sarakunan da ke cikin Baibul, ya fitar da cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. A zamaninsa babu wanda ya yi masa dariya, domin ya yi aiki ne da kayan da ke hannunsa. Abin da ke ɗaure kai shi ne har yau akwai cibiyoyi, musamman a Amurka, da ke koyar da cewa duniya ba ta wuce shekara 10,000 ba, kuma kowane jinsin dabba da tsiro an yi shi ne daban, yadda muke ganinsa, babu nasaba tsakaninsa da wani. Wasu sun saki maganar shekarun sun riƙe ta rashin nasabar. Daga baya hujjojin nasu suka tsallaka teku, aka are su a Turkiyya da wasu ƙasashe, aka sauya musu riga.

Ya kamata a raba zare da abawa tun daga farko. Tambayar ko akwai Mahalicci ba ta shiga ɗakin gwaji, babu ma'aunin da zai auna ta. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, mutum ne mai riƙo da addini, kuma bai taɓa shakkar juyin halitta ba. Amma wanda ya ce duniya shekararta dubu shida, ko ya ce doki da jaki da kifi ba su haɗa kaka ba, ya yi magana ne a kan duwatsu da ƙasusuwa da jini. Waɗannan kuwa ana iya tono su a duba.

Juyin halitta, wato abin da Charles Darwin ya gabatar a littafinsa na 1859, wanda Alfred Russel Wallace shi ma ya gano da kansa, bai da wuyar faɗa. 'Ya'yan kowace halitta suna ɗan bambanta da juna. Bambancin ana gadonsa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma ana haihuwar fiye da adadin da abinci da wuri za su iya ɗauka. Saboda haka waɗanda bambancinsu ya dace da inda suke zaune su ne suka fi barin zuriya, idan zamani ya yi tsawo sai siffar jinsin ta sauya, reshe ya rabu biyu. Bai ce mutum ɗan birin da muke gani a dawa ba ne. Cewa aka yi mu da su kakanmu ɗaya a can baya, don haka tambayar da ake yawan jefowa, wai me ya sa har yanzu akwai birai, ba ta taɓa maganar ba ma.

Tsawon zamanin akwai shi. Wasu sinadarai irin su yuraniyom suna rikiɗewa zuwa dalma a kan ƙa'idar da zafi ko nauyin ƙasa ba sa sauyawa, don haka dutse yana ɗauke da shekarunsa a cikinsa. Da wannan hanya Clair Patterson ya auna shekarun duniya a 1956, ya sami kimanin biliyan 4.5, kuma sinadarai dabam-dabam da aka gwada bayansa sun tsaya a kan wannan adadi.

A cikin duwatsun nan burbushin halittu yana jere ne bisa tsari. Can ƙasa ƙananan halittu masu tantani ɗaya, sama da su halittun teku marasa ƙashi, sannan kifaye, sannan masu ƙafa huɗu, sannan masu shayarwa da tsuntsaye, mutum kuwa sai a saman sama. An ruwaito cewa da aka tambayi masanin nan J.B.S. Haldane abin da zai sa ya watsar da juyin halitta, sai ya ce a nuna masa burbushin zomo a duwatsun da suka girmi dabbobi masu ƙashi. An fi shekara 150 ana haƙa a kowace nahiya, zomon bai fito ba. Da ambaliya guda ce ta binne komai a lokaci ɗaya, kamar yadda masu ra'ayin ƙaramar duniya ke cewa, da an sami kifin wel da dabbobin tekun farko a kwance wuri ɗaya. Ba a taɓa samu ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ilimin ke faɗin inda za a sami abu tun kafin a same shi. A ƙarshen shekarun 1990 Neil Shubin da Ted Daeschler suka yi wani lissafi. Duwatsun da suka kai shekara miliyan 385 suna da kifaye masu kaurin fiffike, waɗanda suka kai miliyan 365 kuma suna da dabbobi masu ƙafafu da yatsu. In da gaske na biyun daga na farkon suka fito, to a duwatsun da ke tsakani, waɗanda suka taru a bakin tsofaffin koguna, ya kamata a ga abin da ke tsaka-tsaki. Suka buɗe taswirar duwatsu, suka ga irin waɗannan suna fili a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada. Suka yi ta zuwa shekara da shekaru, sai a 2004 suka tono burbushin wata halitta da aka sa wa suna Tiktaalik, mai shekara kimanin miliyan 375. Yana da ɓawon kifi da fiffike, amma kansa faffaɗa ne irin na kada, yana da wuya, abin da kifi ba shi da shi, kuma a cikin fiffikensa akwai ƙasusuwan da suka yi daidai da na dantse da wuyan hannu. Gaskiya ne a 2010 an bayyana sawun ƙafafu a ƙasar Folan da suka girme shi, wanda ke nuna cewa shi ɗan uwan kakannin masu ƙafa huɗu ne da ya daɗe, ba lallai shi ne kakan kansa ba. Wannan ya gyara kwanan wata, bai taɓa ƙasusuwan da ke cikin fiffiken ba.

Labarin wel ya fi wannan daɗi. Sunansa kifi a bakin mutane, amma yana shaƙar iska da huhu, yana haihuwa, yana shayar da nono, kuma bayansa yana kaɗawa sama da ƙasa ne irin na dabba mai sukuwa, alhali kifi gefe da gefe yake kaɗawa. Shekaru da yawa masu adawa suna tsokana da shi: ina dabbar da ke tsakanin saniya da wel? Sai ƙasar Pakistan ta fara amsawa. A 1981 Philip Gingerich ya bayyana Pakicetus, dabbar tudu mai shekara kimanin miliyan 50, wadda ƙashin kunnenta ke da wani kauri da ba a samunsa sai a dangin wel. A 1994 Hans Thewissen ya bayyana Ambulocetus, mai manyan ƙafafun iyo. A Wadi al-Hitan da ke hamadar Masar kuma aka sami Basilosaurus, dogo fiye da mita 15, cikakken mazaunin teku, amma ga 'yan ƙafafun baya da gwiwa da yatsu waɗanda ko mita ɗaya ba su kai ba, ba za su taɓa ɗaukar wannan jiki ba. Har yau ɗan tayin dolfin, wani ɗan uwan wel, yana fara tsiro da ƙafafun baya a cikin uwarsa, sannan su shanye.

A nan masanan kansu sun yi jayayya. Masu nazarin ƙashi sun daɗe suna danganta wel da wasu dabbobi masu cin nama da suka ƙare. Masu nazarin DNA, wato rubutun gadon da ke cikin tantanin kowace halitta, a shekarun 1990 suka ce a'a, dangin masu rababben kofato ne, kuma dorina ce ta fi kusa da shi. Masu rababben kofato suna da wani ƙashin idon sawu mai tsagi sama da ƙasa wanda babu irinsa a sauran dabbobi. A 2001 aka tono ƙafafun tsofaffin wel ɗin a Pakistan, sai ga wannan ƙashi. Masu ƙashi suka sallama. Hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba sun kai wuri ɗaya.

Mai ra'ayin halitta kai tsaye yana da amsa a nan, kuma amsa ce da ta cancanci a saurara. Zai ce kamanni ba ya nuna nasaba. Hannun mutum, fiffiken jemage da ƙafar doki suna da jerin ƙashi iri ɗaya domin mai yi ɗaya ne, ya yi amfani da tsari mai kyau sau da yawa. Da kamannin a abubuwa masu amfani kaɗai yake, da maganar ta yi nauyi. Matsalar ita ce halittu sun yi tarayya har a kurakurai.

Malamin da ke duba jarrabawa ya san wannan. Ɗalibai biyu su ba da amsa daidai iri ɗaya, babu abin zargi, gaskiya ɗaya ce. Amma su yi kuskure iri ɗaya, a layi ɗaya, su tsallake harafi ɗaya a kalma ɗaya, to an kwafa.

Yawancin dabbobi masu shayarwa suna haɗa bitamin C a jikinsu, shi ya sa kare da akuya ba sa bukatar lemo. Mutum ba ya iyawa, in ya rasa shi a abinci dasashinsa ya riƙa zubar da jini, ciwon da ya kashe ɗimbin matuƙan jiragen ruwa a ƙarnonin baya. Da aka duba DNA ɗinmu sai aka tarar da ƙwayar gadon da ke wannan aiki, wadda ake kira GULO, tana nan a zaune amma a lalace. Haka take a lalace a jikin cimfanzi da oranguta da sauran birai, kuma akwai harafin da ya ɓace mana a daidai wurin da ya ɓace musu. Ɓeran Masar ma ba ya haɗa bitamin C, amma tasa ƙwayar ta lalace ne ta wata fuska dabam, domin nasa hatsarin daban ya same shi. In an yi kowane jinsi daban, me zai sa a dasa wa mutum da biri injin da ya mutu, kuma ya mutu a wuri ɗaya? In kuwa kaka ɗaya ne ya sami lahanin, a lokacin da yake cin 'ya'yan itatuwa har bai ji asarar ba, sannan ya gadar wa zuriyarsa, to babu abin mamaki.

Irin wannan shaida tana da yawa ƙwarai. Akwai ƙwayoyin bairos da ke cusa rubutunsu a cikin DNA na wanda suka kama. In suka shiga ƙwan haihuwa, tabon ya zama abin gado har abada. Kimanin kashi 8 cikin 100 na DNA ɗin ɗan Adam ragowar irin waɗannan ne. Rubutun gadonmu ya kai haruffa biliyan 3, wuraren da bairos zai iya sauka ba su ƙirguwa, amma mafi yawan tabban da ke jikinmu suna daidai wuraren da suke a jikin cimfanzi. Idan aka jera su, wanne jinsi ke da wanne tabo, sai su zana bishiyar nasaba, kuma ita ce bishiyar da masu nazarin ƙashi suka zana tun ba a san DNA ba. Ana cewa ai wasu daga cikin tabban suna da amfani. Haka ne, ɗaya daga cikinsu ma jiki ya mayar da shi abin gina mabiyiya a cikin mahaifa. Sai dai amfanin da aka samu daga baya bai goge alamar inda abin ya fito ba.

Sai kuma maganar kuromozom, wato ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki. Cimfanzi da gorila da oranguta suna da tagwaye 24, mutum yana da 23. Wannan ya zama ƙalubale na gaske, domin ba a zubar da kuromozom guda a rayu. In nasabar gaskiya ce, dole biyu ne suka manne suka zama ɗaya a zuriyarmu, kuma dole a ga tabon ɗinkin. Kowane kuromozom yana da wani rubutu na musamman a bakinsa biyu, da kuma ƙugu ɗaya a tsakiya. A 1991 aka duba kuromozom na 2 na mutum, sai ga rubutun baki a tsakiyarsa, biyu suna fuskantar juna. Daga baya kuma aka ga ragowar ƙugu na biyu da ya daina aiki. Rabinsa ya yi daidai da wani kuromozom na cimfanzi, ɗaya rabin ya yi daidai da wani. Da ba a ga wannan ba, da ilimin ya shiga uku.

Ko ba a shiga ɗakin gwaji ba, mai fiɗa yana iya ganin sawun tarihi. Akwai jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro. Tazarar kaɗan ce, amma jijiyar sai ta gangara ƙirji, ta zagaye babbar hanyar jini kusa da zuciya, sannan ta hauro. A jikin raƙumin dawa wannan zagaye ya kai mita huɗu da wani abu. A jikin kifi, wanda ba shi da wuya, hanyar miƙaƙƙiya ce. Da wuya ya yi ta tsawo zuciya ta yi ta ja baya, jijiyar tana maƙale a bayan hanyar jinin, ba damar a cire ta a sake ɗaurawa, sai dai ta yi ta ƙara tsawo.

Hujjar da ta fi shiga ran mutane ita ce ta ido, kuma tsohuwa ce, William Paley ya yi ta a 1802 da misalin agogon da aka tsinta a fili. Ina amfanin rabin ido? Amfaninsa babba ne ga wanda maƙwabcinsa ba shi da ko kaɗan. A cikin dangin dodon koɗi da ke raye yau ana ganin matakan duka: mai ɗigon da ke bambance haske da duhu, mai ɗan rami da ke gane ta inda hasken ya fito, mai ƙaramar kafa, da mai cikakken madubi mai tattara haske. Kowanne yana yi wa mai shi aiki. A 1996 Michael Behe ya sabunta hujjar, ya ce akwai injina a cikin tantanin halitta, kamar bulalar da bakteriya ke iyo da ita, waɗanda in an cire yanki ɗaya sun tashi aiki, don haka ba za su taru sannu a hankali ba. Abin da ya tsallake shi ne yanki yana iya yin wani aikin kafin ya shiga wannan. Wani sashe na gindin bulalar yana da dangi na kusa a allurar da wasu bakteriya ke zuba dafi da ita. Ƙananan ƙasusuwa biyu na cikin kunnenmu ma ƙasusuwan muƙamuƙi ne a jikin dabbobi masu rarrafe, kuma an sami burbushin dabbobin da ke da mahaɗar muƙamuƙi biyu, tsohuwa da sabuwa, a lokaci guda. A 2005 maganar ta je gaban kotu a shari'ar makarantun Dover da ke jihar Pensilbaniya, Behe ya ba da shaida, alƙali John Jones ya yanke cewa wannan ra'ayi ba kimiyya ba ne, ba za a koyar da shi a ajin kimiyya ba. Kotu ba ta tabbatar da gaskiyar ilimi, amma a can ne aka sa kowane ɓangare ya kawo abin da yake da shi a ƙarƙashin rantsuwa.

Ana yawan tuna wa mutane ƙoƙon kan Piltdown, wanda aka gabatar a Ingila a 1912, ya zama na jabu: kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri. Abin kunya ne, babu musu. Amma masana ne suka tona asirin a 1953, kuma abin da ya sa suka fara zarginsa shi ne ya ƙi dacewa da burbushin gaske da ke ta fitowa daga Afirka da Asiya. Bayansa an sami burbushin wata daga tsofaffin dangin ɗan Adam da aka sa wa suna Lucy a Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2, ƙugu da gwiwa na mai tafiya a tsaye, ƙwaƙwalwa kuwa kusan ta cimfanzi. An sami wani ƙoƙon kai da aka sa wa suna Toumaï a Chadi a 2001, mai shekara kimanin miliyan 7. Akwai kuma abin da ilimin bai warware ba, babba a ciki shi ne yadda rai na farko ya fara. Juyin halitta yana bayani ne a kan abin da ya faru bayan an sami mai haihuwa da gado, kuma masana suna ta jayayya a kan saurin sauyi da wanne reshe ya riga wanne. Ba sa jayayya a kan ko akwai nasabar.

Mafaka ta ƙarshe ita ce a ce an yarda da ƙaramin sauyi a cikin jinsi, amma jinsi ba ya zama wani. To ina katangar take, kuma me ke tsare ta? Babu wanda ya nuna wani abu a cikin DNA da ke ƙirga sauyi ya ce ya isa haka. Tafkin Biktoriya ya ƙafe kusan gaba ɗaya kimanin shekara 15,000 da suka wuce, amma an ƙirga jinsin kifaye dangin karfasa kusan 500 da babu su a ko'ina sai cikinsa, wasu na kankarar gansakuka a dutse, wasu na fasa katantanwa, wasu na cin ɓawon 'yan uwansu. A 1988 Richard Lenski ya zuba bakteriya iri ɗaya a kwalabe 12, ana sabunta musu abinci kullum, ana daskarar da samfuri bayan kowane zubi 500 na haihuwa. Wajen zubi na 31,000 sai mazauna kwalba ɗaya suka fara cin wani sinadari mai suna sitiret a inda akwai iskar oksijin, abin da rashin iya shi yana cikin alamomin da ake gane wannan jinsi da su. Da yake kakannin suna cikin firiza, aka farfaɗo da su aka bi sawu, aka ga wani yankin DNA ne ya kwafu sau biyu ya faɗa ƙarƙashin makunnin da ke aiki idan akwai iskar oksijin. Masu cewa sauyin gado ɓarna kawai yake yi, ba ya kawo sabon abu, ga amsarsu a ajiye cikin ƙanƙara.

Likitoci kuwa da wannan suke kwana suke tashi. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a inda cutar ta yi katutu duk da wahalar da take jawo wa wanda ya gaji biyu. Ita ma ƙwayar cutar zazzaɓin ba ta zauna ba. Kulorokwin ya yi aiki kamar yankan wuƙa har ƙarshen shekarun 1950, lokacin da masu jure masa suka ɓulla a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, suka iso Gabashin Afirka a 1978, suka mamaye nahiyar. Dalilin da ya sa magungunan yanzu suke haɗa atemisinin da wani magani na biyu ke nan, domin da wuya ƙwaya ɗaya ta dace da sauyin da zai kuɓutar da ita daga biyun a lokaci guda. Duk da haka a 2020 an tabbatar da ɓullar masu sauyi a ƙwayar gadon da ake kira kelch13 a Ruwanda, a shekarar da ta biyo kuma a Yuganda, kuma binciken DNA ya nuna a nan Afirka suka tsiro da kansu, ba daga Asiya aka kawo su ba.